Eriya Huɗu a Gonar Yaya

Shekarar da jami'a ta daɗe a rufe saboda yajin aiki, mijina ya ce mu koma ƙauye. Ba shawara ya kawo mini ba, don babu abin da ya rage da za a yi shawara a kansa. Shi yana koyarwa a sashen injiniyan lantarki, ni kuma ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata, mu ma namu malaman sun ajiye alli. Zamani ne da kuɗi ya lalace a hannun mutane. Kwanon geron da ka saya yau, in ka koma jibi sai mai awo ya dube ka da tausayi kafin ya faɗi sabon farashi. Gidan haya a Kano ya fi ƙarfinmu, ƙauye kuwa aƙalla akwai rumbu.

A tashar mota aka fara kallonmu. Kayan sawarmu ba su da yawa, amma akwai damin bututun alminiyum, da naɗin ragar waya irin ta kejin kaji, da batirin mota, da wani akwati da Malam ya naɗe da bargo ya ƙi yarda a ɗora a saman mota. Malam nake kiran mijina tun aurenmu. Direba ya dubi bututun ya ce, "Rumfa za ku kafa a can?" Malam ya ce, "Kusan haka." Ya rungume akwatin a cinyarsa, ni na rungume 'yarmu, wadda a lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba. Haka muka yi har Ɗanbatta, daga nan muka hau wata akori-kura da ta sauke mu a bakin hanyar ƙauyensu.

Abin da ke cikin akwatin mita ce mai allura, wadda ya aro daga sashensu kafin a garƙame ƙofofi. Da ita ake auna ƙarfin siginar rediyo. Malam yana tsakiyar binciken digirinsa na uku, kuma a kan eriya yake yi. Kafin wannan shekara ban taɓa damuwa da sanin ainihin aikin ba. Na dai san yana dawowa gida da ƙuna a yatsunsa. A ƙauye ne dole ta sa na koya.

Eriyar da yake aiki a kanta, wadda suke kira daifol, ba ta da wani abin kallo. Bututu ne guda biyu masu tsawo ɗaya, a miƙe a layi ɗaya kamar mutum ya buɗe hannuwansa, waya ta shigo ta tsakiyarsu. Duk wahalar tana wajen tsawon: sai ya zama rabin tsawon zangon siginar da ake son kamawa, in ya ɗara ko ya gaza, eriyar ta zama kurma-kurma. Guda ɗaya tana ji daga gaba, tana ji daga baya. Amma in aka jera da yawa, aka bar tazarar da ta dace a tsakaninsu, aka sa raga a baya, sai jin nasu ya haɗu ya fuskanci wuri ɗaya, ya kai nesa. Burin Malam shi ne ya nuna cewa ana iya ƙera irin wannan jere da kayan da ake samu a kasuwa, don ƙananan asibitocin karkara su iya magana da babban asibiti ta rediyo. A wancan lokaci babu wayar hannu. In haihuwa ta zo da gardama a ƙauye, sai dai a tura mai keke.

Lissafin duk ya gama shi tun a Kano. Awo ne ya rage, kuma awo yana son fili: shimfiɗaɗɗe, babu rufin kwano, babu bishiya, babu wayar lantarki. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka wannan abu ne mai sauƙi a ƙauye. A wajenmu babu daji. Gona tana jingine da gona, iyaka sai layin gamba ko aduwa, gida nan gida can, kuma kowace gona da bishiyoyinta. Malam ya yi ta yawo da ƙafa yana dawowa a gajiye. A ƙarshe babu wurin da ya fi dacewa sai gonar gadonsu, wadda yayansa ke nomawa.

Yaya mutum ne mai ƙarancin magana, ya girmi Malam sosai, kuma shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ina bayan danga ina jin su ranar da Malam ya roƙe shi.

"Me za ka shuka a ciki?" in ji Yaya.

"Ba shuka ba ce, Yaya. Turaku zan kafa guda biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma."

"Har yaushe?"

"In Allah ya so, kafin azumi na gama."

Yaya ya ce, "Da an kwashe kara, gonar taka ce. Amma taki zai shiga a kan lokacinsa, kuma ranar da ruwa ya sauka, ko mene ne a cikinta zai fita."

Malam ya ce ya yarda. Har dariya ya yi, don a ganinsa damina tana da nisa.

Aikin na mutum biyu ne. A turken gabas akwai ƙaramar na'urar da ke aika sigina, wadda Malam ya haɗa da hannunsa, tana shan wuta daga batirin mota. A turken yamma akwai eriyar da ake gwadawa, a kan wani faifan katako da ya zana wa alamomi a kewaye. Mutum ɗaya zai juya eriyar daga alama zuwa alama, ya ja da baya don jikinsa kada ya ɓata awon, ɗayan kuma ya zauna nesa kaɗan ya karanta allura. Malam ya nemi wanda zai taya shi a cikin ƙauyen, amma maza duk sun tafi cin rani, waɗanda suka rage kuma suna da nasu aikin. Ranar da ya dawo bai samu kowa ba, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallona ina tsince shinkafa.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana in yana son wani abu, "kin iya karanta mita?"

"Lissafi nake koyarwa, Malam."

"To shi ke nan."

Matar aure ta fita gona ta zauna a fili, a ƙauyen ba abin da aka saba gani ba ne. Ba a yi kwanaki ba magana ta fara zagayowa. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma na ga yadda mata ke yin shiru in na shiga gidan suna. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ta kashe maganar ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Wata safiya muna shirin fita sai ta ɗauki tabarma da ƙwaryar gyaɗa, ta goya jikarta, ta ce, "Mu je, 'yar nan." Daga ranar kullum tare muke fita. Takan zauna a gindin wata ɗorawa da ke gefen gonar ta kudu tana ɓare gyaɗa, yarinyar tana wasa a gabanta. Tunda tsohuwar gidan tana wurin, babu mai sauran ta cewa.

Ɗorawar ta Inna ce. A wajenmu gona na iya zama ta wani, bishiyar cikinta ta wani, kuma wannan tun mijinta yana raye ya ba ta. Daga ita take samun kalwar da take yin daddawa, daddawar kuma ita ce gishirinta da sabulunta da ɗan abin da take miƙa wa jikoki. A shekarun nan ma har miyar gidan gaba ɗaya ta dogara da ita.

Da farko aikin ya yi daɗi. Mukan fita bayan an karya, kafin rana ta yi zafi. Malam ya juya eriya, ya ja baya, ya ɗaga hannu. Ni in jira allura ta daina rawa, in ɗaga murya in faɗa, in rubuta. Da yamma ya zauna a zaure ya mayar da lambobin zane a kan takarda mai da'irori. Ranar da muka gama da eriya guda, ya shigo da takardar yana murmushi ya nuna mana. Siffar ta fito kamar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, kumburi a gaba, kumburi a baya, tsakiya a tsuke.

"Haka littafi ya ce," in ji shi. "Kin gani? Daidai yadda littafi ya ce."

Inna ta karɓa ta duba a juye, ta ce Allah ya yi albarka.

Daga nan ne abubuwa suka fara ja. Batirin ba sabo ba ne, kuma babu lantarki a ƙauyen. Sai ranar kasuwa Malam zai ɗaure shi a bayan keken aro ya kai Ɗanbatta wurin mai caji. In an yi sa'a akwai wuta, ya dawo da shi washegari. In babu, sai a jira janareta, janareta kuma sai da mai, mai kuwa a lokacin layinsa ake kwana. Sau da yawa batirin yakan dawo rabi, mu fara awo, kafin mu zagaye faifan allura ta fara sauka da kanta, duk abin da muka rubuta ya zama na zubarwa. Akwai ranar da Fulani suka shigo da shanu cin karmami, wata saniya ta soshe jikinta da turken gabas ta karkatar da shi. Akwai ranar da gara ta cinye gindin turken yamma, ya faɗi da eriyar, bututu ɗaya ya lanƙwashe. Malam ya miƙe shi a kan turmi, ya auna, ya ga ya ɗan canza, ya yanke wani. Duk lokacin haɗa waya kuma sai an hura gawayi an ɗora ƙarfen narka dalma, don babu inda za a jona na lantarki.

Azumi ya zo ya same mu a kan eriya biyu. Muka ci gaba da baki a bushe. Ina iya tuna yadda hasken rana ke dukan gilashin mitar har idona ya riƙa ganin allura biyu, sai in rufe ido ɗaya in karanta. A cikin watan ne kuma na gane ina da ciki. Ban faɗa wa Malam da wuri ba, Inna ce ta lura, ta fara zuwa da ƙarin tabarma tana sa ni in kishingiɗa in Malam yana gyara. Ba ciwo nake ji ba. Gajiya ce kawai wadda ba ta tafiya ko na yi barci, irin wadda ke zama a cikin ƙashi.

Bayan salla muka ɗora eriya huɗu a jere, da raga a bayansu. Wannan shi ne ainihin binciken. Duk na baya share fage ne. Bisa lissafin Malam, siffar za ta fito siririya, doguwa, ta miƙe tsaf zuwa gaba. Da ya zana, sai ta fito a karkace, ta kwanta gefe guda, da wani ƙullutu a jikinta. Muka sake, ta sake fitowa haka. Ya auna tsawon bututun ɗaya bayan ɗaya, ya auna tazara, ya ɗaure raga, muka sake. Ba ta canza ba.

A lokacin Yaya ya fara kai taki. Jakuna biyu ne da shi, kullum suna safa daga gida zuwa gona da mangala. Ya cika sauran gonakinsa, ya dawo kan wannan, ya zuba tsibi-tsibi a gefe ya bar mana tsakiya. Kowace safiya tsibin suna ƙara matsowa. Zafi ya tsananta, da yamma ana ganin gajimare yana taruwa ta gabas yana watsewa.

Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gida, Yaya ya leƙo gaida Inna, sai ya tambayi ƙanen nasa, "Wai me ya hana abin nan ƙarewa?"

Malam ya shafa kansa. "Yana karkata ne, Yaya. Kullum gefen kudu yake kwantawa."

"Me ke kudun?"

"Babu komai sai ɗorawar Inna. Bishiya mai ɗanyen ganye takan iya mayar da sigina. Wataƙila ita ce, wataƙila kuma wani abu ne a jikin kayan. Sai na sami wuta na gwada."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ga Inna ta ɗago kai ta dube shi, sannan ta ci gaba da kaɗa audugarta.

Washegari ya tafi da batirin. Babu wuta a Ɗanbatta, mai janareta kuma ya rufe shago ya tafi neman mai, sai Malam ya wuce Kano da shi. Ya aiko da saƙo ta bakin wani direba cewa zai ɗan kwana biyu.

A cikin kwanakin nan ne na ji sara da safe. Na ɗauka wani ne ke faskare, har sai da matar Yaya ta shigo ta ce mini, "Ana rage ɗorawar Inna." Na yafa mayafi na fita da sauri iyakar yadda jikina ya bari. Na tarar Yaya a sama da gatari, ya riga ya sauke babban reshen da ya miƙo cikin gonar, yana kan na biyu. A jikin rassan da ke ƙasa 'ya'yan ɗorawa ne reto-reto, koraye, saura kaɗan su nuna. Inna tana tsaye a gefe da hannuwanta a baya.

"Yaya, don Allah ka dakata!" na ce. "Bai ce ita ce ba. Cewa ya yi wataƙila."

Yaya ya dubo ni daga sama, gumi na zuba daga gemunsa. "Malama, gajimaren nan ba ya jiran wataƙila."

Na juya wurin Inna. "Inna, ke kika yarda?"

"Ni na ce ya sare," ta ce. "Reshe ne, zai sake tohowa. Yaron nan tun yana ƙarami in ya sa abu a gaba ba ya cin abinci. Ki dubi wuyansa mana. Ya gama ya huta."

Muka tsaya har reshe na biyu ya faɗo. Awaki suka zo suka far wa ganyen. Inna ta tsuguna ta tsinci 'ya'yan da take ganin za su iya yin wani abu in an shanya, ta zuba a gefen zanenta. Yawancinsu ba su yi ba.

Da Malam ya dawo ya ga bishiyar, ya ajiye batirin a ƙasa ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Bai yi wa Yaya magana ba, don babu yadda ƙane zai yi da wa a kan abin da uwa ta ba da izini. Ya je ya durƙusa a gaban Inna, ita kuma ta ce ya tashi ya je ya yi abin da ya kawo shi.

Muka yi awon a safiyar da ta biyo, ba wanda ke magana sai lambobin da nake kira. Tun kafin ya zana na san sakamakon, don na riga na haddace inda allurar ke hawa da inda take sauka. Ba abin da ya canza. Siffar tana nan a kwance gefen kudu, da ƙullutunta.

Sai ya yi gwajin da ya yi niyyar yi tun farko. Kowace eriya a cikin huɗun tana da wayarta da ke zuwa mahaɗa, kuma dole wayoyin su zama iri ɗaya, tsawo ɗaya, don siginar ta iso a lokaci guda. Ya cire ta ƙarshen kudu ya musanya da ta ƙarshen arewa. Muka sake zagaye faifan. Wannan karon siffar ta kwanta arewa.

Ya yanka wayar da ya mayar arewa da reza ya duba cikinta. Daga waje iri ɗaya ce da sauran, baƙa, da rubutu ɗaya a jiki. Amma uku daga cikin wayoyin ya yanko su ne daga ragowar naɗin da ya zo da shi daga jami'a, ta huɗun kuma da naɗin ya ƙare ya saya a kasuwa a Kano. Robar cikinta daban ce, zaren tagullar da ke kewaye da ita kuwa 'yan ƙalilan ne, kamar an yi rowarsu. Zamanin ke nan. Magani ma na jabu ake sayarwa, balle waya.

Ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya mai zafi, da guntun wayar a hannu. Inna tana can a ragowar inuwarta. Ta ɗaga murya ta ce, "Ya yi?"

Malam ya dube ni. Ni na amsa, na ce, "An gano matsalar, Inna."

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

Ba mu taɓa gaya mata ba cewa ba bishiyar ba ce, ita kuma ba ta tambaya ba. Ina jin ta sani. Yaya dai ya sani, don ya zo da jakunansa ya ga Malam yana feɗe waya, ya tsaya ya kalla, ya wuce.

Samun waya ta gaskiya ya sake cin lokaci. Malam ya koma Kano ya zaga shaguna, duk wadda ya yanka ya duba irin waccan ce. A ƙarshe wani abokin aikinsa da ke haɗa kaya zai bar ƙasar ya kwance masa ta eriyar talabijin ɗinsa daga kan rufi. Doguwa ce, ta isa a yanka huɗu. Ya dawo da ita ranar wata Laraba da yamma, ya hura gawayi, ya haɗa duka kafin magariba. Muka ce da safe za mu fita.

Kafin asuba ruwa ya sauka. Ba yayyafi ba, ruwan shuka sosai. Na farka na ji ƙanshin ƙasa, na ji mata a maƙwabta suna fitar da tukwane suna murna, na kuma ji Malam a zaune a bakin gado bai motsa ba.

Da gari ya waye Yaya ya zo da sungumi a kafaɗa, iyalansa a bayansa da ƙoƙunan iri. Ya tsaya a ƙofar zaure.

"Zan fara da gonar fadama," ya ce. "Zuwa azahar zan iso taka."

Wannan rabin yinin shi ne kyautar da ya iya yi, kuma ba ƙarama ba ce, don danshin farko ba a wasa da shi. Muka fita cikin caɓi. Na zauna a kan juyayyen turmi da mitar a cinyata. Malam ya juya, na karanta, ya juya, na karanta. Muka zagaye sau ɗaya, muka soma na biyu, sai muka hango su Yaya suna tahowa. A nan gonar ya zana siffar, a kan gwiwarsa. Ta fito siririya, ta miƙe tsaf.

Na ce, "To ai ga shi, Malam."

Ya girgiza kai. "Ƙasa jiƙaƙƙiya ce. Duk na baya a busasshiya muka yi su. Ba za a gwama su ba, kuma awo ɗaya ba ya zama hujja." Ya ninke takardar. "Amma dai na gani da idona."

Shi da kansa ya tumɓuke turakun. Ya kwance bututun ya ɗaure su, ya kai gindin bishiya, sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ya karɓi ƙoƙon iri daga hannun matar Yaya. Yaya yana gaba yana sara, shi yana biye yana jefa gero yana rufewa da diddige. Na zauna ina kallonsu har suka kai ƙarshen kunya suka juyo, sannan na ɗauki akwatin na koma gida na kwanta.

Ana tsakiyar noman farko aka janye yajin aiki. Muka koma Kano, muka kama ɗaki biyu a wata unguwa da ta fi ta da nisa. Malam ya tarar babban malamin da ke duba bincikensa ya karɓi aiki a wata ƙasa ya tafi, sai da aka daɗe kafin a ba shi wani, shi kuma sabon ba fanninsa ba ne. Na haihu a cikin kaka. Rani na gaba Malam ya koma ƙauye shi kaɗai don ya sake awon, ya tarar mitar ta sami matsala, babu mai gyara. Wanda ya biyo baya aka sake rufe jami'a. A rani na uku ne ya samu ya kammala, a wani filin ƙwallo na makaranta, da taimakon ɗalibansa. Inna ba ta ga wannan ba, ta rasu kafin nan, bayan gajeriyar jinya.

Jeren eriyar bai taɓa hawa kan rufin wani asibiti ba. Ya rubuta wa hukumomi, ya je ofisoshi, ana karɓarsa da mutunci ana cewa babu kuɗi. Kafin a samu kuɗin, dogayen turakun wayar hannu sun fara tsirowa a bakin hanyoyi, maganar ta mutu da kanta. Ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, kuma ɗalibansa sun ce ya iya koyar da darasin eriya.

Ranar da ya kare binciken a gaban malamai, ban je ba, ƙaramin yaronmu yana fama da zazzaɓi. Na dafa shinkafa da wake, na yanka 'yar kazar da nake kiwo a bayan ɗaki. Ya dawo bayan azahar, da babbar rigarsa a hannu, hularsa ta jiƙe da gumi. Na tare shi a ƙofa.

"Yaya aka yi?"

"Sun karɓa," ya ce. "Akwai 'yan gyare-gyare."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba ni ruwa."

Na kawo masa, ya shanye, ya miƙo kofin na ƙara. Na ce ga abinci, ya ce bari ya ɗan miƙe tukuna. Ya kwanta a kan tabarmar falo da takalminsa ƙafa ɗaya. Na cire masa, na kori yara waje, na rufe abincin. Da aka kira la'asar na taɓa shi ya tashi ya yi salla, ya koma ya kwanta. Kazar sai washegari muka ci.